Ni da Rawar Metanol

'Yan'uwa ɗalibai, kusan duk taron ƙungiya da muka yi a nan Kanada sai wani ya tambaye ni me nake karantawa. In na ce shekara uku ke nan ina kan metanol, sai a ce, "Ba shi ne gubar nan da ke makantar da masu shan giyar jabu ba?" Shi ne kuwa. To amma ni rawarsa nake kallo.

Ƙwayar metanol atam shida ce kacal: kabon ɗaya, oksijin ɗaya, haidirojin huɗu. Kullum cikin karkarwa suke, salon karkarwar kuma iri 12 ne, kowanne da irin hasken da yake haɗiyewa daga hasken infared, wanda ido ba ya gani. Miƙewa da tsukewar haɗin kabon da oksijin, alal misali, tana haɗiye haske a wajen lamba 1033 a ma'auninmu. Ƙaramar na'ura tudu ɗaya za ta nuna maka a nan. Amma irin ta cibiyar Canadian Light Source da ke Saskatun, mai bambance kusan kashi ɗaya cikin dubu na lamba guda, sai ta tarwatsa tudun ya zama dubban layuka sirara kamar tsintsiya. Aikina in gano kowane layi na wane motsi ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne kan ƙwayar, wato kabon da haidirojin ukunsa, yana murɗawa kamar murfin kwalba. Yana da mazauni uku, da katanga mai tsayin lamba 373 a tsakaninsu. A duniyar atam kuwa abu yana iya ratsa katanga ba tare da ya haura ba, shi ya sa kowane mataki ya rabu gida biyu, A da E. Tun 1940 Dennison da abokan aikinsa a Jami'ar Mishigan suka fara kokawa da wannan lissafi, har yau ana kai. Wani lokaci salo biyu su cakuɗe, layukan su goce daga inda lissafi ya ce, in yi sati biyu ina bin sawu.

Masu cewa aikin banza ne, ga amsata. A 1970 aka gano metanol a sararin samaniya. A 1991 Karl Menten ya gano yana haskawa da ƙarfi a gigahaz 6.7 a wuraren da manyan taurari ke haihuwa, a 2023 kuma madubin James Webb ya ga ƙanƙararsa a cikin wani gajimare mai tsananin sanyi. Layukansa sun yi yawan da masana taurari ke kiransu ciyawa, don suna rufe musu na sinadaran da suke nema. Wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san sai ka gane ciyawa tukuna za ka iya nome ta ba ka sare dawa ba. Jadawalin da irinmu ke haɗawa shi ke gane musu ita.

Abin da ke damuna dai kuɗin tallafina saura wata tara, Baba kuma duk waya sai ya tambayi ranar dawowa. Har yanzu akwai wani jerin layuka kusa da 1033 da ya ƙi bin lissafina, kuma ba na son in bar wa wani shi.