Sandar Giyar Fijon Baba Da Daren Da Ta Ƙi Shiga Ribas

Mai karatu, in kana da tsohuwar mota a gida, wadda ita ce ta kasuwa, ita ce ta biki, ita ce kuma ta asibiti, to ka ba ni aron hankalinka. Abin da zan ba ka labari a kaina ya faru, a nan Gamawa.

Motar Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo, na gaje ta wurin mahaifina, Allah Ya jiƙansa. An fara ƙera irinta a Faransa a 1968, daga 1975 kuma kamfanin PAN ya riƙa harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. A shekarar 1975 ɗin ne ma 504 ta lashe tseren Safari na Kenya. Baba yakan faɗi haka da alfahari, kamar shi ya tuƙa ta.

Amma tsufa ba ya barin kowa. Sandar giyarta ta saki, tana lilo kamar muciya a tukunyar da babu tuwo. Kafin in samu giya ta uku sai na yi lalube, in na dawo daga Azare kafaɗata na ciwo. Wani ɗan yayana ya nuna min a waya yadda masu tsofaffin motocin tsere a Turai ke sa wata gajerar sandar giya, hannu ya ɗan motsa kaɗan, giya ta faɗa. Na ce ai wannan ce maganina.

Ga yadda abin yake aiki. Ka tuna yadda ake ɗaga dutse da rodi, a sa ƙaramin dutse a ƙarƙashi ya zama matokari. Sandar giya ma tana da matokari: sama da shi hannunka, ƙasa da shi ƙarfen da ke tura giya. Gajerar sandar tana ɗaga matokarin sama, ɓangaren ƙasa ya ƙara tsawo. Sai tafiyar hannu ta ragu, amma ƙarfin da za ka sa ya ƙaru. Cikin giyabos kuwa babu abin da ya canza.

Ban samu ta kanti ba, sai wani mai walda ya ƙera min kwatankwacinta, muka ɗaura da yamma. Na zagaya gari sau biyu, giya tana shiga ƙwas-ƙwas, na koma gida ina murna. Ban gwada ribas ba, domin a ranar ban buƙace ta ba. Na cusa motar cikin rumfa, hancinta na kallon bango.

Wajen ƙarfe biyu na dare uwargida ta tashe ni, jikin autarmu ya yi zafi rau, tana ta amai. Na tada mota, na taka kuloci, na ja sandar zuwa ribas, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Sai da na buga wa maƙwabta ƙofa, mutum uku suka turo ta baya. Minti ashirin muka ɓata, yarinya na kwance a cinyar uwarta. Allah Ya taimaka muka isa asibiti, ta samu sauƙi. Amma ban manta da kallon da uwargida ta yi min ba.

Washegari na kai motar wurin wani dattijon bakanike a Azare. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito yana girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, ba tsawon sanda ne ciwonta ba, bushin ne suka cinye." Ashe ƙasan sabuwar sandar yana dukan jikin mota kafin ribas ta kai wurinta, kuma ba mu daidaita ƙarfen da ke haɗa ta da giyabos ba.

Ga abin da na koya a gabansa, ko zai amfane ka. Fara da canza bushin da ƙwallayen mahaɗa, domin sau da yawa su ne ke kawo lilon. Duba man kuloci da na giyabos. In giya na gurzawa, gajerar sanda ba za ta gyara ba, ƙara ɓarnar ma za ta yi in kana fizgarta. In ka nace sai ka sa, to a saka mota a firi, a yi wa tsohon saiti alama kafin a kwance komai. A shafa giris, a tabbatar ƙasan sandar ba ya taɓa komai. A gwada kowace giya inji a kashe, har da ribas, sannan a tada inji a sake gwadawa. Sai an gamsu a ɗaure notoci tamau, bayan mako guda a sake duba su. Kada kuma a kuskura a shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai.

Ni dai na mayar da sandar Baba, da sababbin bushin. Giya na shiga sumul, kafaɗar ma ta daina ciwo. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa. Yanzu kowane dare da baya nake shigar da motar rumfa, hancinta na kallon hanyar Udubo.