Ƙwan Zabi Da Maganar Iya

Mu biyar ne a ɗakinmu. An haife mu a wani ƙauye kusa da Shanono, inda gonar wannan take manne da ta wancan. Da damina ta sauka zabi sukan yi ta ƙwai a cikin ciyawa, mu ne kuwa masu tsintowa. Amma ba ma ci. Kakarmu, wadda muke kira Iya, ta riga ta faɗa mana, “Yaron da ya ci ƙwai ɓarawo zai zama.”

Ba mu taɓa ganin wanda ƙwai ya mai da shi ɓarawo ba, duk da haka muka gaskata. Wata rana autanmu ya dafa guda ɗaya a ɓoye, ya cinye. Da dare muka ji yana kuka. Ran kasuwa kuwa ya harɗe hannuwansa a baya, wai kada su ɗauki kayan mutane ba da saninsa ba. Yanzu ya yi furfura, bai taɓa satar ko allura ba, amma har yau in aka ajiye masa ƙwai sai ya ji ransa ya ƙi.

Iya ba muguwa ba ce. So take ƙwan ya kai kasuwa a sami kuɗin gishiri da kananzir, ko a sa wa kaza ta ƙyanƙyashe. Tsoratarwa ta fi mata sauƙi da dogon bayani, shi ke nan.

Masana sun gwada wannan abu. A shekarar 2003 a Ingila, Andy Field da Joanne Lawson suka ba yara labarin waɗansu dabbobin Ostireliya da yaran ba su sani ba. Wata dabba aka yabe ta, wata aka ce muguwa ce. Sa'an nan aka ce su sa hannu cikin akwatin da wai dabbar take ciki. Wajen wadda aka kushe, yaran suka yi ta jinkiri. Ba abin da ya cije su, magana ce kaɗai ta riƙe hannunsu.

Babanmu shi ma yakan ce in kun yi kaza, kaza zai faru, amma hanyarsa dabam ce. Ya ce in ba a rage gero a rami ba, zangarniya za ta yi ƙanana. Sai ya bar rami uku a bakin gona bai rage ba. Da kaka ya kira mu muka gani da idonmu. Maganar Baba ana iya gwada ta. Ta Iya kuwa ba mai gwadawa, gama wanda yake gudun abu ba zai taɓa gane ƙarya aka yi masa ba.

Mun gane nauyin wannan sa'ad da aka yaye 'yar ƙanwarmu. Ta rame, gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura. A asibiti malama ta ce a riƙa ba ta ƙwai da wake da kunun gyaɗa. Ga ƙwai cike da ƙwarya a ɗaka, amma muka yi kwanaki muna kallon juna. Iya ta daɗe da rasuwa, muryarta kuwa tana nan. Da kyar muka fara ba yarinyar. Allah ya taimaka ta murmure.

Ya ku iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mu duba da me muke tanƙwarawa. In za mu hana yaro leƙa rijiya, mu ce zai faɗa ciki, mu jefa dutse ya ji zurfinta. In ƙwan na sayarwa ne, mu ce na sayarwa ne. Za mu manta da abin da muka faɗa kafin gari ya waye, yaron kuwa zai kai shi har gidan 'ya'yansa.