Gaisuwar Da Ba Ta Jiran Amsa

Akwai wata gwaggonmu a Gwaram wadda ta daɗe tana riƙe da masu gabatar da shirin safe na talabijin a zuciya, kuma laifinsu guda ɗaya ne tak. Ran da aka fara kunna mata akwatin da sassafe, wani saurayi da wata budurwa suka bayyana a kan lallausar kujera, suka dube ta ido cikin ido suka ce barkanmu da safiya, da fatan an tashi lafiya. Gwaggo ta gyara lulluɓi ta ce, "Lafiya lau 'yan nan, ya kwanan mutan gidan?" Kafin ta rufe baki sun juya ga junansu suna dariya a kan wani zance daban. Ta yi shiru, can ta ce, "Waɗannan kuwa 'ya'yan wane ne? Su tambayi mutum kwana su ƙi tsayawa su ji?"

Mun yi dariya har da riƙe ciki. To amma mu ɗin nan, 'yan tsirarun da ke haɗuwa tsakanin Birnin Kudu da Gwaram muna karanta wa juna abin da muka rubuta, tambayar nan tata ta ƙi barin mu, domin kuwa shi ma marubuci sana'arsa ke nan, gai da mutanen da ba ya ganin su.

Mai karatu zai tuna cewa mu da muka tashi a wannan yanki cikin shekarun 1980, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kano, ba mu san talabijin da safe ba. Sai wajen la'asar ake buɗe tasha. Gidan NTA na Kano da CTV, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1982, su ne abin kallonmu, su ma sai an kafa eriya a kan doguwar gora, an sa yaro yana juya ta ana yi masa ihu daga ɗaki, "Ya yi! A'a, koma baya kaɗan!" Tsakaninmu da Kano ya haura kilomita 100, saboda haka rabin hoton yayyafi ne. Ko da aka ƙirƙiro Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, gorar nan ba ta canza alƙibla ba.

Safiya kuwa ta rediyo ce. Ana sallame sallar asuba za ka ji ta a teburin mai shayi: Sashen Hausa na BBC da ya fara tun 1957, Muryar Amurka, Muryar Jamus, sannan Kaduna. Kuma akwai dalili. Rediyo kunne kawai take nema, ana iya rataya ta a wuya ko a ƙahon keke a nufi gona. Talabijin ido take so, ga shi kuwa babu lokacin da idon mutumin karkara ya fi yawan aiki kamar safiya. Mata na dama koko da shara, yara sun tafi makarantar allo za su dawo su wuce ta boko, maigida yana son ya ci rabin kunya kafin rana ta take.

Shirin safe na talabijin baƙo ne, kuma ba don irinmu aka ƙago shi ba. A Amurka aka fara, da shirin Today a 1952, wanda Dave Garroway ya gabatar; Ingila ba ta bi sahu ba sai 1983. An yi shi ne domin mutumin da ke karin kumallo a kan tebur yana duban agogo, yana son jin ko hanyar ofis ta cunkushe. A nan gida, sai da dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, AIT ta zo a 1996, sannan abin ya kankama. Su AIT har suka sa wa nasu shirin suna Kakaaki. (Mun daɗe muna mamakin wannan aro. Kakakin da a wurinmu ba a busa wa kowa sai sarki, ga shi ana busa wa duk wanda ya biya kuɗin wuta.) Daga baya NTA ta kawo AM Express, inda muka riƙa ganin Yinka Craig, tsohon mai sharhin wasanni wanda ya rasu a 2008, da Sadiq Daba, wanda mu dai har ya rasu a 2021 Bitrus muke ce masa, saboda rawar da ya taka a wasan Cock Crow at Dawn. Gwanaye ne, babu ja. Yinka Craig yana hira kamar mutum a zauren gidansa. Sai dai duk da Turanci ake yi, saboda haka masu kallon a garinmu ba su wuce malaman Kwalejin Gwamnati da ma'aikatan asibiti da na sakatariya ba, su ma in an yi sa'ar wuta. Da yawa daga cikinmu ba mu zauna mun kalli safiya da Hausa sosai ba sai bayan da Arewa24 ta buɗe a 2014 da shirinta na Gari Ya Waye, lokacin faranti ya maye gurbin gora a kan rufin gidaje.

Bari mu faɗi gaskiya ko da za ta ba mu kunya: hassada muke yi musu. Mutum ya shekara uku yana fama da littafi, ya sayar da akuya ya buga, ya bi shaguna yana roƙon a ajiye masa kwafi goma, amma ko a layinsu ba a san shi da wannan ba. Su kuwa daga zama a kan kujera da murmushi sun zama sanannu har ƙauyen da mota ba ta zuwa. Aku muke kiran su, wai masu maimaita abin da wani ya rubuta.

Muna nan a haka sai wani abokinmu na Gwaram ya fitar da ƙagaggen labari, wata tasha a birni, wadda ba za mu ambata ba, ta gayyace shi shirin safe. Mu uku muka raka shi, kai ka ce ɗaurin aure za mu. Muka kwana a birnin a ɗakin wani ɗan'uwa, ƙarfe biyar da rabi na asuba muna bakin ƙofar tashar, cikin hunturu, abokin namu ya sha babbar riga ta aro.

Abin da muka tarar ya bambanta da abin da akwati ke nunawa. Lallausar kujerar nan an toshe gefenta da kwali. Furannin na roba ne. Kofunan shayin da suke ɗagawa suna kurɓa, babu komai a ciki. Mai gabatarwar muka same ta a lungu ta idar da salla, takardu zube a gefen darduma, tana juya labarai daga Turanci zuwa Hausa da biro, tana gogewa tana sakewa. Ta ce mana kullum ƙarfe uku da rabi take tashi, ta bar yaranta suna barci. Abokin aikinta zazzaɓi yake yi, yana rawar ɗari cikin bargo, amma ana kunna jar fitilar nan ta kan kyamara ya yar da bargon ya washe baki kamar wanda aka yi wa albishir. Wani babban baƙo da aka shirya da shi bai zo ba, bai kuma aiko ba. Muna kallo su biyun nan suka cike gurbinsa da hira, babu takarda, wani yana yi musu magana ta 'yar na'urar da ke cikin kunne, wani yana nuna musu yatsu yana ƙirga lokaci. A cikinmu babu wanda zai iya minti biyu a haka bai yi in'ina ba. Tun ranar sunan aku ya fita daga bakinmu.

Littafin kuwa ba ta karanta ba. Bangon baya ta duba lokacin da ake talla, kuma abin ya sosa mana rai ƙwarai. Da aka dawo, minti shida aka ba abokinmu. Ta gaishe shi, ta tambayi hanya, sannan ta ce, "Malam, a ce yanzu wata baiwar Allah a garinku tana dama koko, tana jin ka da kunne ɗaya. Me za ka ce mata littafin nan ya ƙunsa?"

Sai malam ya gyara zama ya shiga jigo da warwarar jigo, da zubi da tsari, da yadda ya yi amfani da dabarar kome domin fito da matsalolin zamantakewar al'umma. Duk kalmomin da muke burge juna da su a taronmu ya zazzage. Muna bayan kyamara muna gyaɗa kai. Ita kuwa ta bar shi ya kai aya, sannan cikin ladabi ta ce, "Wato dai labarin wata yarinya ce da ruwa ya ci gidansu, aka kai ta riƙo birni, take neman hanyar komawa wajen uwarta?" Ya ce, "E, haka ne." Ta ce, "To ta koma?" Ya yi dariya ya ce sai an karanta. A nan ne kawai hirar ta yi rai, kuma saura minti ɗaya.

A mota muna dawowa babu mai magana har muka wuce Wudil. Abin da ke cin kowa shi ne, matar da ba ta karanta littafin ba ta faɗe shi cikin numfashi ɗaya, mai littafin ya kasa. Ita ta san wa take yi wa magana. Kullum in ta dubi gilashin kyamara mutum ɗaya take gani, mai aiki a hannu, wanda zai iya tashi ya bar ta a kowane lokaci. Mu kuwa in mun ɗauki alƙalami junanmu muke gani, da malaman jami'a da muke fatan su yaba.

Kada a ɗauka mun sallama musu gaba ɗaya. Har gobe muna da ƙorafi, kuma na farko a kan harshe ne. Saurin fassara ya sa Turanci yana leƙowa ta ƙarƙashin Hausarsu kamar ƙafar wando a ƙarƙashin zane. Za ka ji an ce gwamna ya biya ziyara, sai ka ce bashi ne. Za ka ji za mu ɗauki gajeren hutu, ko a ƙarshen rana, ko mu haɗu a ɗaya ɓangaren. Ɓangaren me? Yaranmu suna ji suna ɗauka, har ya fara shigowa cikin rubutun sababbin marubuta, wanda kuwa ya fi na baki daɗewa. Mun ga dalilin da idonmu, mace ɗaya da biro da rabin sa'a, amma sanin dalilin ciwo ba ya hana shi zafi.

Na biyu, garuruwanmu ba sa shiga bakinsu sai da masifa. In ka ji an ambaci Gwaram ko Birnin Kudu da safe, to gabanka ya faɗi: ko mota ta kife, ko ruwa ya yi gyara, kamar ambaliyar 2022 da ta ɗaiɗaita sassa da dama na Jigawa. Ga zanen mutanen da a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, wanda masana ke tasowa daga nesa su gani. Ga Kwalejin Gwamnati da ta yaye irin su Aliko Ɗangote. Ga kasuwar Sara. Manomin riɗi da zoɓo ya fi bukatar jin yadda buhu ya kwana da nawa ake sayar da taki a kan sharhin jaridun da ko ganin su ba ya yi.

Mun faɗa mata wannan kafin mu fito, tana cire 'yar na'urar daga kunne. Ba ta musa ba. Cewa ta yi, "Malamai, abin da aka rubuto shi muke karantawa. Ba mu da wakili a wajenku, ba mu da motar zuwa. Ku ne marubuta, ku rubuto mana, amma fa kada ya wuce rabin shafi." Muka yi alkawari da babbar murya. Sau biyu muka aika, aka kuma karanta duka biyun. Daga nan muka watsar, domin mun gano rabin shafi ya fi babi guda wuyar rubutawa, ga shi ba a faɗin sunan wanda ya rubuto. Wannan laifin ba mu da wanda za mu ɗora wa.

Abokinmu dai ya yi mako guda yana shan gaisuwa a Gwaram. Mai shayi ya ƙi karɓar kuɗinsa, tela ya ce a talabijin ya fi ƙiba. Babu wanda ya riƙe sunan littafin. Sai wata maƙwabciyarsu ce ta aiko ɗanta da kuɗi ƙulle a leda, wai a ba ta littafin yarinyar nan da ruwa ya ci gidansu.

Da ya shiga gai da Gwaggo, ba ta tambaye shi littafi ba, ba ta tambaye shi birni ba. Cewa ta yi, "Kai, yarinyar nan da ta tambaye ka hanya, ta tsaya ta ji amsa?"

Ya ce, "Ta tsaya, Gwaggo. Har minti shida."

Ta jinjina kai ta ce, "To, ashe ta fara hankali. In ka koma ka ce ina gaishe ta."