Ciwon Fuka Da Kwalbar Bitamin D

Yau zan ba ku labarin wani kuskure da na yi, domin kada wata ta maimaita shi.

Ɗana na uku yana da ciwon fuka, wanda likitoci ke kira asma. Da zarar hunturu ya shigo, ƙura ta tashi, sai ƙirjinsa ya riƙa kuka, ba shi barci, mu ma ba mu yi. Likita ya ba shi abin shaƙa iri biyu: mai ruwan ƙasa na kullum safe da yamma, don ya hana hanyar numfashi kumbura, da shuɗi mai buɗe ƙirji idan ciwon ya taso.

Ran nan sai ƙanwata ta zo da 'yar kwalba, ta ce, "Yaya, wannan bitamin D ne. An ce Turawa sun gano yana maganin fuka. Ki raba yaron nan da shaƙe-shaƙe." Na yi murna, don sayen abin shaƙa ya ishe ni. Na jefa mai ruwan ƙasan cikin akwati, na kama ba shi na kwalba.

Muka yi mako uku lafiya lau, har ina yi wa maƙwabta tallar kwalbar. Wata rana da tsakad dare sai na ji shi zaune, kafaɗunsa na ɗagawa, ya kasa ko kiran sunana. Shuɗin bai yi masa komai ba. Kwana biyu muka yi a asibiti.

Da na faɗa wa likita gaskiya bai yi mini faɗa ba. Ya ce ƙanwata ba ƙarya ta yi ba, labarinta ne ya tsufa. Cikin 2016 ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen magunguna, ta ce da alama bitamin D na rage tasowar fuka. Amma cikin 2020 aka ba da sakamakon wani gwaji a Amurka kan yara 192 masu fuka, waɗanda bitamin ɗin ya yi ƙaranci a jininsu. An ba rabinsu kullum, sauran aka ba su abin da ba magani a ciki, ba a kuwa ga bambanci ba. Cikin 2023 ƙungiyar ta sake duba gwaje-gwaje 20, ta ce ba ta ga shaidar yana hana tasowar ciwon ba.

To, kada ku ce bitamin D ba shi da amfani. Shi ke taimakon jiki ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, rashinsa kuwa kan lanƙwashe ƙafafun yara. Fatarmu na yin sa idan rana ta taɓa ta, ana kuma samunsa a man kifi da gwaiduwar ƙwai da hanta. Har ma wani bincike da aka yi a Jos, aka buga cikin 1999, ya nuna yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe sun fi warkewa da kalsiyam a kan bitamin D shi kaɗai. In kuma aka sha shi fiye da kima yakan taru a jiki, ya kawo amai da ƙishirwa, har ya taɓa ƙoda.

Saboda haka, uwargida, idan likita ya rubuta wa ɗanki bitamin D ki ba shi yadda aka ce, amma kada ki ajiye abin shaƙa dominsa. Ki nisanta yaron da hayaƙin murhu da na taba, ki yayyafa ruwa kafin shara, ki bar shi ya yi wasa a tsakar gida da hantsi. Idan kin ga numfashi ya hana shi magana, kada ki jira gari ya waye.

Kwalbar tana nan kan taga, na bar ta don ta riƙa tuna mini daren nan. Allah Ya ba yaranmu lafiya. Sai mako mai zuwa.