Tafiyar Babur Zuwa Masallacin Manoma a Amurka

Da an ambaci Amurka, abin da ke zuwa zukatanmu shi ne dogayen benaye da cunkoson motoci. To amma a tsakiyar ƙasar akwai wani shimfiɗaɗɗen fili na manoma, inda za ki yi tafiyar sa'a guda ba ki ga komai ba sai alkama da sararin sama. Cikin wannan fili, a jihar Dakota ta Arewa, muka yi tafiyar sama da kilomita 500 a kan babur ni da maigida, a watan Agusta, daga birnin Fago zuwa wani ƙauye mai suna Ros.

Babur ɗin can ba irin na acaɓarmu ba ne, ƙato ne mai mazaunin baya da wurin jingina. Dokar jihar ba ta tilasta wa wanda ya kai shekara 18 sa hular kwano ba, duk da haka mun sa, domin rai amana ne. Na kuma tattare hijabina cikin rigar sama, kun dai san ɓarnar da mayafi ke yi idan taya ta kama shi.

Agusta lokacin zafi ne a wurinsu, kuma lokacin girbin alkama. Daga Jemstawun muka karkata arewa, hanya ta miƙe sambal. Dama da hagu injinan girbi ne, kowanne yana yanka yana sussuka yana sheƙewa a tafiya ɗaya, mutum guda a ciki yana aikin da gayya ba za ta gama a mako ba. Akwai kuma gonakin wani tsiro mai fure rawaya da ake matse mai daga 'ya'yansa, kawunansa duk sun fuskanci gabas kamar sahun sallah. Tun daga nesa za ki san kin kusa gari idan kin hango dogon rumbun hatsi a bakin titin jirgin ƙasa.

Wanda ke kan babur shi ke sanin halin wannan fili. Ba dutse ba kurmi da zai tare iska, sai ta riƙa turo ku gefe. Da la'asar hadari ya taso baƙi ƙirin daga yamma, kuma hadarinsu kan zo da ƙanƙarar da ke kwantar da gona cikin 'yan mintoci. Muka fake a wani gidan mai kusa da Mainot, muka yi sallarmu ta ƙasaru muna duban arewa maso gabas, don can alƙiblarsu take. Rana kuwa ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe 9 na dare.

Me ya kai mu Ros, ƙauyen da mutanensa ba su wuce ɗari da 'yan kai ba? Tarihi ne. A 1862 gwamnatin Amurka ta yi dokar ba da eka 160 ga duk wanda zai zauna ya noma ta shekara biyar, a filayen da aka karɓe daga 'yan asalin ƙasar. Wajen 1900 wasu Musulmi daga ƙasar Sham, yankin Siriya da Labanan na yau, suka zo suka kama gonaki a nan. Suna sallar Juma'a a gidajen junansu, har a 1929 suka gina masallaci, rabinsa a cikin ƙasa. Yana cikin masallatai na farko da aka gina a Amurka.

Allah Sarki! Tsofaffin suka rasu, 'ya'ya suka watsu birane neman abinci, aka yi auratayya da maƙwabta, Larabci ya ɓace a bakin jikoki, da yawansu suka koma addinin Kirista. A shekarun 1970 aka rushe ginin. Wanda muka tarar ƙarami ne mai ƙubba da 'yan hasumiyoyi huɗu, zuriyarsu suka gina shi a 2005 don tunawa da kakanni. Yana tsaye a tsakiyar ciyawa kusa da maƙabartarsu, ba liman ba ladan. Muka yi musu addu'a.

Waɗannan bayin Allah sun yi ƙoƙarinsu, da gumin gona suka ɗora tubali. Abin da suka rasa shi ne yawan jama'a da makarantar da za ta riƙe yara. Mu da Islamiyya ke kowace unguwa, sau nawa muke hana yarinya zuwa saboda talla ko wanke-wanke? Ke kuma 'yar'uwa da aiki ko karatun maigida zai kai ku wata ƙasa, kafin ki tambayi kuɗin haya, tambayi inda yaranki za su koyi Fatiha. In babu, ke ce makarantar.

Allah Ya jiƙan Musulmin Ros, Ya tabbatar da zuriyarmu a kan addini, amin.