Kwalin Banda Biyu da Kayan Fareti

Banda nake sayarwa a Kasuwar Kifi ta Baga Road. Bana aka saka 'yata cikin 'yan fareti da rawa na gasar makarantarsu. Anko, farin takalmi, kuɗin Keke Napep zuwa atisaye: ribar kwalin tarwaɗa biyu ta tafi, ga kifin Doron Baga ba ya zuwa kamar da. Mako uku ba ta leƙa Islamiyya ba, wannan ya fi damun mahaifiyarta.

Amma yarinyar da tun ambaliyar Alau ta 2024 ta daina hayaniya, sai ga ta gaban layi tana ba da umarni. Na uku suka zo. Ta ce baɗi ma za ta yi. Na ce sai na ga malaminsu na Islamiyya tukuna.