Biyetnam: Ƙasar Da Ake Gaisuwa Da Shinkafa

Duk wanda ya dubi taswirar ƙasar Biyetnam zai ga ta miƙe siririya a gefen teku, tsawonta daga arewa zuwa kudu kamar kilomita 1,650, alhali kuwa a tsakiyarta akwai wurin da faɗinta bai fi kilomita 50 ba. Mutanen ƙasar su kan kwatanta ta da sandar gora wadda aka rataya wa kwanduna biyu na shinkafa. Kwandon arewa shi ne fadamar Jan Kogi, inda Hanoi, babban birnin ƙasar, yake. Kwandon kudu kuwa shi ne fadamar kogin Mekong. Wannan kwatance ba a littafi kaɗai ya tsaya ba, domin har yau baƙo zai ga mata 'yan talla sun saɓa irin wannan sanda a kafaɗa, kwando a gaba, kwando a baya, suna ratsa titi da sassarfa.

Kamar yadda Bahaushe kan ce a zo a ci tuwo ko da ba tuwon aka yi ba, haka mutumin Biyetnam idan zai ce "cin abinci" sai ya ce "cin shinkafa". Har a wajen gaisuwa ma, maƙwabci kan tambayi maƙwabcinsa ko ya ci shinkafa tukuna. Wanda ya san tarihin ƙasar ba zai ɗauki tambayar nan da wasa ba.

A birnin Hanoi gari kan waye ne da ƙamshin romo. Tun kafin fitowar rana masu sayar da abincin da ake kira "pho" sun kafa tukwanensu a bakin titi, sun jera 'yan kujerun roba gajeru waɗanda ba su kai gwiwa ba. Ma'aikacin ofis da ɗan makaranta da mai haya da babur duk a nan su ke zama kafaɗa da kafaɗa. Asirin pho yana cikin romonsa. Akan dafa ƙasusuwan saniya sa'o'i masu yawa a kan wuta kaɗan, ana kwashe kumfa domin romon ya fito garau. Akan gasa citta da albasa a garwashi kafin a jefa su, a ƙara kirfa da wani ɗan itace mai siffar tauraro. Sai a zuba taliyar shinkafa mai faɗi a kwano, a ɗora yankakken nama siriri kamar takarda, a kwarara masa romo mai tafasa, shi ke nan naman ya nuna a gaban mai saye.

Ko da ya ke pho ya zama tambarin ƙasar, ba tsohon abinci ba ne sosai. A farkon ƙarni na 20 ya bayyana a yankin Nam Dinh da Hanoi, zamanin mulkin Faransa, lokacin da yankan shanu ya yawaita saboda Turawa. Da aka raba ƙasar biyu a 1954, mutane kusan miliyan ɗaya suka yi ƙaura daga arewa zuwa kudu, suka tafi da tukwanensu. Mutanen kudu suka ƙara masa tsiron wake da ɗanyun ganyaye da ɗan zaƙi. Har gobe ana gardama tsakanin Hanoi da Saigon a kan wanne ne na ainihi, kowa na yabon na gidansu.

Amma mai son sanin yadda mutanen nan ke ci, sai ya shiga gida da maraice. Akan kawo abincin duka a kan babban tire guda mai da'ira, a ajiye a tabarma ko a tebur. Za a ga kifi ko nama da aka dafa a kasko har ya yi ja, da miyar ganye mai ruwa-ruwa, da wani ganye mai kama da alayyafo wanda ke fitowa a ruwa, an soya shi da tafarnuwa. Kowa yana da ɗan kwanonsa na shinkafa da tsinkayensa biyu na cin abinci, sauran kuwa na kowa ne. Uwar gida ko babbar 'ya ita ke zama kusa da tukunya tana ƙara wa wanda nasa ya ƙare. Yaro ba ya ɗaukar tsinke sai ya gayyaci manya ɗaya bayan ɗaya, daga kaka zuwa uba da uwa. Akan hori yara su riƙa duban tukunya suna ci, wato kada mutum ya cika cikinsa ya manta da na baya. Abin ƙi ne ƙwarai a soke tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, domin hakan ya yi kama da turaren da su ke kunna wa mamatansu.

A tsakiyar tiren nan kuwa ba a rasa ɗan ƙaramin kwano na "nuoc mam", wato ruwan kifi, wanda matsayinsa a girkinsu ya yi daidai da na daddawa a miyar Hausa. Ana yin sa da ƙananan kifayen teku da gishiri, kashi uku na kifi, kashi ɗaya na gishiri, a danne su cikin manyan gangunan katako kamar shekara guda, sa'an nan a tsiyaye ruwan. Tsibirin Phu Quoc da garin Phan Thiet su ne suka yi suna wajen wannan sana'a. Warinsa kan sa baƙo ya ja da baya a ranar farko, amma idan aka haɗa shi da lemon tsami da sukari da barkono da tafarnuwa, sai ya zama abin da ke tayar da ɗanɗanon kome.

Matafiyi da ya gangara tsakiyar ƙasar zai isa Hue, birnin sarakunan gidan Nguyen, waɗanda suka yi sarauta daga 1802 zuwa 1945. Girkin fada ya bar wa mutanen Hue son abinci kaɗan-kaɗan iri-iri, a 'yan ƙananan faranti, an tsara shi domin ido ya fara ci kafin baki. Su ne kuma gwanayen barkono a duk ƙasar. Da yawa daga mabiya addinin Buddha a can ba sa cin nama ranar 1 da ranar 15 ga watansu, saboda haka girkin ganye da wake ya bunƙasa a birnin.

A kudu, birnin Saigon, wanda aka sauya wa suna zuwa Ho Chi Minh a 1976, shi ne gidan "com tam", wato tsakin shinkafa. Da can abincin talaka ne, gutsattsarin da ya kakkarye wajen casa wanda ba ya sayuwa a kasuwa, amma yau mai kuɗi ma layi ya ke bi ya saya. Faransawa sun tafi sun bar burodi, mutanen ƙasar suka tsaga shi suka cusa masa nama da karas mai tsami da barkono, suka kira shi "banh mi". Sun kuma bar gahawa, wadda ake tacewa ɗigo-ɗigo a kan madarar gwangwani. Yanzu Barazil ce kaɗai ta fi Biyetnam noman gahawa a duniya.

Ya kamata Musulmin da zai je can ya sani cewa naman alade shi ne ya fi yawa a girkin ƙasar, har a cikin burodi da romo, don haka tambaya wajibi ce. Sai dai akwai Musulmi 'yan ƙabilar Cham, musamman a lardin An Giang kusa da iyakar Kambodiya, kuma a kewayen babban masallacin Saigon, wanda Musulmin Indiya suka gina a 1935, ana samun gidajen abincin halal.

Duk wannan wadata da baƙo ke gani sabuwa ce. A yunwar 1944 zuwa 1945, lokacin da sojojin Japan ke ƙasar, an ƙiyasta cewa mutanen da suka mutu a arewa sun kama daga 400,000 zuwa miliyan 2. A shekarun yaƙi da Amurka nama ya yi wuya har mutanen Hanoi suka laƙaba wa pho maras nama suna "pho maras matuƙi", suna ba'a da jiragen leƙen asirin Amurka waɗanda ba su da direba. Bayan yaƙin ya ƙare a 1975 ma ba a huta ba, gama gwamnati ta tattara gonaki a hannun ƙungiyoyin gama-kai, ana raba abinci da kati, mutane na kwana a layi, ana gauraya shinkafa da rogo ko dankali don ta isa. A 1986 aka sauya manufa, a 1988 aka damƙa wa iyalai gonaki su noma su sayar da kansu. Shekara ɗaya tak bayan haka, a 1989, ƙasar ta fitar da shinkafa fiye da tan miliyan ɗaya zuwa waje. A 2023 abin da ta fitar ya kai kamar tan miliyan 8, kuma Gana da Kodebuwa na cikin masu sayenta. Ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, manoma su ne dai na jiya. Abin da ya canza shi ne manomi ya san amfanin guminsa zai shiga rumbunsa.

To, amma kwandon kudu yana fuskantar barazana. Fadamar Mekong ita ce ke ba da fiye da rabin shinkafar ƙasar da kusan duk wadda ake fitarwa. Madatsun ruwan da aka gina a saman kogin, a ƙasashen Sin da Laos, sun rage laka mai taki da ke saukowa, ƙasar fadamar tana nitsewa a hankali, teku kuma yana matsowa. A farin 2016 da na 2020 ruwan gishiri ya kutsa kilomita da dama cikin kogunan, ya ƙone gonaki. Manoma da yawa a bakin teku sun koma noman shinkafa da damina, da rani kuma su yi kiwon jatan lande a gonar.

Mutane miliyan 100 ne ke zama a gaban tiren nan kowace maraice. Tsofaffin da suka yi layin kati suna nan da ransu, su ne kuma ke tsawata wa jikoki idan suka bar ƙwayar shinkafa a kwano.